Bishiyar haruffa ko jeri kawai? Abin da ya kamata ka ɗora wa aikin ƙarasa kalma

Mutum ya buga k, ya buga a, ya buga s, sai ga kalmomi sun zubo a ƙarƙashin akwatin bincike: kasuwa, kasko, kasala, kashi. Duk wanda ya zauna zai rubuta wannan aiki a manhajarsa, abin da zai fara ji daga bakin malamai shi ne ya gina bishiyar haruffa, wadda ake kira trie. Shawarar ba ƙarya ba ce. Illarta kawai ita ce ana bayar da ita ba a tambayi mutum kalmomi nawa gare shi ba, ba a kuma tambaye shi inda manhajar za ta zauna ba, ko a wayar mai amfani, ko a saba, wato kwamfutar da ke amsa wa manhajar ta intanet, da ake biyan haya duk wata. Ni dai a ganina, da yawa daga cikin masu gina bishiyar nan jeri mai tsari ya ishe su, kuma wahalar gaskiya tana wani wuri dabam. Amma gara a auna kowanne a gani.

Haruffan da mutum ya riga ya buga zan riƙa kiran su goshin kalma. Aro na yi daga malaman nahawu masu cewa ɗafa-goshi, ko da yake a nan ba ƙarin nahawu ake nufi ba, farkon kalma ne kawai, ko ina aka yanke ta.

Ma'aunan da za a duba

Na farko sauri, kuma sauri kashi biyu ne da ake yawan cakuɗa su. Akwai lokacin gano inda kalmomin da suka fara da goshin suke, akwai kuma lokacin zaɓo guda biyar ko goma da suka fi dacewa daga cikinsu. Na farkon kusan kowace hanya tana yin sa cikin ƙiftawar ido. Na biyun ne ke cin lokaci, domin harafin k kaɗai zai iya jawo kalmomi dubbai.

Na biyu cin memori, wanda shi ne farashin gaske. A waya, manhajar da ta cika cinye memori ita Android ke fara kashewa idan wuri ya yi ƙunci. A saba kuwa, ƙarin memori ƙarin kuɗin haya ne, kuma yawancin masu ba da hayar da dala suke lissafi.

Sai sauƙin rubutawa da gyarawa, wato ko wanda ya gaje ka bayan shekara biyu zai gane abin da ka yi. Sai juriya: idan kalmomi suka ninka goma, ko aka koma ƙara sababbi kullum, tsarin zai ɗauka ko zai durƙushe? Na ƙarshe haɗari, inda kowace hanya ke ɓoye tarkonta.

Jeri mai tsari da binciken raba-biyu

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa. Ka jera kalmomin bisa tsarin haruffa sau ɗaya. Idan aka buga goshi, ka duba tsakiyar jerin, ka ga ko abin da kake nema yana gaba ko baya, ka watsar da rabi, ka sake raba sauran biyu. Duk kalmomin da suka fara da "kas" a manne suke da juna, saboda haka da ka sami ta farko sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya har goshin ya canza.

Lissafinsa abin mamaki ne ga wanda bai taɓa yi ba. Kalmomi 100,000 ba za su wuce taki 17 ba. Miliyan ɗaya taki 20. A Python akwai bisect da ya zo da harshen, a Java akwai binarySearch, a C++ akwai lower_bound, don haka aikin bai fi layi goma ba. Memori kuwa kusan girman kalmomin ne kawai: kalmomi 100,000 masu haruffa takwas-takwas ba su kai megabayit ɗaya ba idan aka jera su a manne, ko da yake harsuna irin Python suna ɗora wa kowace kalma nasu nauyin.

Inda take cizo biyu ne. Saka sabuwar kalma a tsakiya yana sa a tura duk na bayanta gaba, abin da ba ya damun wanda ke ƙara kalma jefi-jefi, amma yana damun wanda ke ƙara dubbai a minti. Sannan jerin bai san wace kalma ta fi shahara ba. Idan goshin harafi ɗaya ne, dole ka leƙa duk kalmomin da ke ƙarƙashinsa kafin ka zaɓo goma. Maganinsa mai arha ne: ka lissafa amsar gosa masu harafi ɗaya da biyu tun da wuri ka ajiye a gefe, domin ba su da yawa, daga harafi na uku kuwa kalmomin sun riga sun ragu.

Bishiyar haruffa ta asali

René de la Briandais ne ya bayyana ta ga masu kwamfuta a 1959, sai Edward Fredkin ya raɗa mata suna trie a 1960, ya ciro shi daga tsakiyar kalmar Turanci mai nufin ɗauko abin da aka ajiye. Yadda take shi ne: akwai tushe, daga tushe kowane harafi reshe ne, kuma kalmomin da suka yi tarayya a goshi suna bin reshe ɗaya har inda suka rabu.

Ɗauki kasuwa, kasko, kasala, kashi da kashe. Haruffansu duka 27 ne. A bishiya, k da a da s sau ɗaya za a rubuta su, sannan hanya ta rabu huɗu, reshen h kuma ya sake rabuwa zuwa i da e. Gaɓoɓi 14 ke nan. Kowace gaɓa tana buƙatar alamar da ke cewa ko kalma ta cika a nan, domin "kasa" kalma ce mai zaman kanta, kuma a kan hanyar zuwa "kasala" take. Wanda ya manta wannan alamar zai yi ta mamakin inda wasu kalmominsa suka shige.

Kyawunta shi ne gano goshi bai dogara da yawan kalmomi ba. Haruffa uku taki uku ne, ko kalmomi ɗari gare ka ko miliyan goma. Ƙara kalma da cire ta ma haka, tsawon kalmar kawai za ka bi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yayin da mutum yake bugawa, ba sai ka koma tushe ba. Kana riƙe da gaɓar "ka", ya ƙara s, ka gangara taki ɗaya.

To amma isa gaɓar "kas" ba shi ne amsa ba. Dole ka gangara duk rassan da ke ƙarƙashinta ka tattaro kalmomi, kuma a nan ne masu cewa bishiya ta fi komai sauri suke yin shiru. Hanyar da manyan manhajoji ke bi ita ce su ajiye jerin kalmomi biyar ko goma mafi shahara a kan kowace gaɓa. Da haka amsa take fitowa nan take, sai dai memori ya ƙaru, kuma duk lokacin da shaharar kalma ta canza sai an gyara duk gaɓoɓin da ke kan hanyarta daga tushe.

Memorin nan fa shi ne babban cikas. A darussa ana koyar da a ba kowace gaɓa gurbi 26, ɗaya ga kowane harafin Turanci. Kowane gurbi manuni yake riƙewa, wato adireshin gaɓa ta gaba a memori, kuma a kwamfuta ta yau kowane manuni bayit 8 ne, wato bayit 208 ga gaɓa ɗaya, kuma mafi yawan guraben fanko ne, domin can ƙasan bishiya yawancin gaɓoɓi reshe ɗaya tal gare su. A ce kalmominka 100,000 sun haifar da gaɓoɓi 300,000, ka zuba sama da megabayit 60 don riƙe abin da bai kai megabayit ɗaya ba. An sayi doki don a ɗauko gammo. Idan ka maye guraben da ƙaramin ƙamus a kowace gaɓa, kamar dict na Python ko HashMap na Java, fankon ya ragu, amma kowane ƙamus da nasa nauyin. Ga kuma tsalle-tsalle: gaɓoɓin a warwatse suke cikin memori, shi kuwa injin kwamfuta ya fi saurin karanta abin da ke manne da juna. Shi ya sa a gwaji na zahiri jeri mai tsari yakan yi kafaɗa da kafaɗa da bishiya, duk da cewa a takarda bishiyar ce ke gaba.

Abin da bishiya ta fi jeri da shi nesa ba kusa ba shi ne yafe kuskuren bugu. Idan mutum ya buga "kasw" yana nufin kasuwa, za ka iya gangara rassa kana ƙirga bambancin haruffa bisa ma'aunin Levenshtein, duk reshen da bambancinsa ya wuce ɗaya ko biyu ka sare shi gaba ɗaya da abin da ke ƙarƙashinsa. Jeri ba shi da rassan sarewa.

Bishiyar da aka matse

Tunda yawancin gaɓoɓi reshe ɗaya gare su, me zai hana a haɗe su? Wannan ita ce dabarar bishiyar radix, wadda asalinta ke komawa ga tsarin PATRICIA na Donald Morrison a 1968. A misalinmu, "kas" ya zama gaɓa ɗaya, "uwa" ɗaya, "ko" ɗaya, "ala" ɗaya, sai h da i da e. Gaɓoɓi 14 sun koma 7. Ƙa'idarta ita ce yawan gaɓoɓi ba zai wuce ninki biyu na yawan kalmomi ba, komai tsawonsu, don haka ta fi amfani inda abin da ake ƙarasawa dogo ne, kamar adireshin shafi, sunan kaya a kanti ko jimla sukutum.

Kuɗin da za ka biya a kod ne. Idan kana da "kasala" ka zo saka "kasada", sai ka tsaga gaɓar "ala" gida biyu. Idan ka cire kalma, sai ka duba ko gaɓoɓi biyu sun cancanci a sake haɗe su. Kurakuran wannan tsaga da haɗi ba sa ihu, kalma ce kawai za ta ɓace shiru. In dai akwai laburaren da aka daɗe ana amfani da shi a harshenka, ɗauke shi, kada ka ƙera naka.

Bishiya mai rassa uku

Jon Bentley da Robert Sedgewick suka yaɗa ta a 1997. Kowace gaɓa harafi ɗaya take riƙewa da manuni uku: na hagu ga haruffan da suka gabace shi, na dama ga waɗanda suka biyo bayansa, na tsakiya ga ci gaban kalmar. Babu guraben fanko, kuma ba ruwanta da yawan haruffan harshe. Ta ɗan fi ta asali jinkiri, ta fi ta rangwamen memori. Tarkonta ɗaya ne, kuma kusan kowa sai ya faɗa: idan ka zuba mata kalmomi a jere daga a zuwa z, sai ta karkace gefe guda ta zama kamar igiya. Ka gauraya kalmomin kafin zubawa, ko ka fara da ta tsakiya.

Wadda ake ginawa sau ɗaya a kulle

Bishiya goshi kawai take haɗewa. Akwai tsarin da ke haɗe har da ƙeya, ta yadda duk kalmomin da suka ƙare da "una" ko "anci" za su yi tarayya a wutsiya ɗaya. Laburaren bincike na Lucene yana da irinsa mai suna FST, kuma a kansa injin bincike na Elasticsearch ya gina sashensa na ƙarasa kalma, inda kowace kalma ke da nauyi, mafi nauyi su fara fitowa, har da yafe kuskuren bugu. Ga mai Python ko C++ akwai marisa-trie, wadda dabararta dabam ce amma manufar ɗaya: matse kalmomi miliyoyi cikin ɗan wuri.

Sharaɗin shi ne ba a taɓa su bayan an gina. Sabuwar kalma na nufin sabon gini, ko dai kai ka yi, ko Elasticsearch ya yi maka a bayan fage. Shi Elasticsearch ɗin kuma ba ƙaramin baƙo ba ne. A kan Java yake gudana, yana son memori mai yawa, yana son mai kula da shi. Idan dama kana amfani da shi don bincike, ƙarasa kalma kyauta ce ta zo maka. Idan kuwa don ita kaɗai za ka kafa shi, ka ɗauko wa kanka hidimar wata-wata.

A bar wa rumbun bayanai

Fihirisar rumbunan bayanai irin PostgreSQL da MySQL da SQLite bishiyar B ce, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, kuma a aikace jeri mai tsari ce da ta iya karɓar sababbin kalmomi ba tare da ture-ture ba. Tambaya irin LIKE 'kas%', wato a kawo duk abin da ya fara da kas, za ta iya hawa fihirisar. A PostgreSQL sai ka kula: in ba da tsarin harshe na C aka kafa rumbun ba, dole ka gina fihirisar da text_pattern_ops, in ba haka ba zai karanta teburin duka bai ce maka uffan ba. Idan alamar % ta zo a farko, kafin haruffan, fihirisar ba ta da amfani, sai ka nemi pg_trgm, ƙarin PostgreSQL da ke iya binciken tsakiyar kalma da kalmomi masu kama da juna.

Redis, rumbun da ke riƙe bayanansa a memori, shi ma yana yi, da umarnin ZRANGEBYLEX da ya shigo a fitowa ta 2.8.9. Sai dai yana buƙatar duk kalmomin su zama da maki iri ɗaya, wato ba za ka iya jera su bisa haruffa da bisa shahara a wuri ɗaya ba.

Ribar wannan hanya ita ce babu kwafi na biyu da zai saɓa da na asali. Asararta kuwa kowane harafi tafiya ce zuwa saba da dawowa. Inda intanet ke rarrafe, jinkirin hanya ya ninka duk wani bambanci tsakanin bishiya da jeri sau dubbai. Aƙalla ka sa manhajar ta ɗan dakata har mutum ya tsagaita da bugu kafin ta aika, kuma ta yi watsi da tsohuwar amsa idan ta iso bayan sabuwa.

| Hanya | Gano goshi | Memori | Rubutawa | Ƙara kalma | Tarko |
|---|---|---|---|---|---|
| Jeri mai tsari | taki 17 zuwa 20 | kaɗan ƙwarai | layi goma | da nauyi idan ya yawaita | gajeren goshi |
| Bishiya ta asali | tsawon goshi | mai yawa | da sauƙi | nan take | guraben fanko |
| Radix | tsawon goshi | matsakaici | da wuya | nan take | tsaga da haɗi |
| Mai rassa uku | ya ɗan fi tsawon goshi | matsakaici | matsakaici | nan take | karkacewa |
| FST ko marisa | tsawon goshi | mafi ƙanƙanta | laburare | sai an sake gini | hidimar saba |
| Rumbun bayanai | da sauri, ban da hanya | na rumbun | tambaya ɗaya | nan take | jinkirin intanet |

Ƙ da ɗ da ɓ: abin da teburin bai nuna ba

Idan kalmominka na Hausa ne, wannan ya fi duk abin da ke sama muhimmanci. Bishiyar darasi mai gurbi 26 ba ta da wurin ƙ, kuma kod ɗin da ke lissafa gurbi ta hanyar cire lambar a daga lambar harafi zai faɗi ko ya rubuta a inda bai kamata ba. A Unicode lambar ƙ 0199 ce, ta ɓ 0253, ta ɗ 0257, duka can bayan z, kuma kowannensu bayit biyu ne a UTF-8. Saboda haka jerin da aka tsara bisa lamba zai kai kalmar "ƙasa" can ƙarshe, nesa da "kasa".

Ga kuma halin masu bugu. Mutane da yawa ba su da allon haruffan Hausa a waya, "kasa" za su buga ko ƙasa suke nufi, "daki" ko ɗaki suke nema. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu, wato a farfasa harafi da NFD a zubar da alamar, tana aiki a kan alamun karin sauti da ƙamusoshi ke sakawa, amma ba ta taɓa ƙugiya, domin a wurin Unicode ƙ harafi ne guda, ba k da ƙari ba. Dole ka rubuta ɗan teburinka: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, manya da ƙanana. Sai 'y, wadda a Nijar ake rubutawa ƴ, a Najeriya kuma da waƙafin sama, shi ma waƙafin iri uku ne aƙalla da ido ba ya bambancewa amma kwamfuta tana bambancewa. 'Ya'ya da ƴaƴa su haɗu a mabuɗi ɗaya.

Wato kowace kalma fuska biyu gare ta: mabuɗi marar ƙugiya da ake bincike da shi, da ainihin rubutun da ake nuna wa mutum. Mabuɗi ɗaya kuma zai iya riƙe kalma fiye da ɗaya, tunda kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne. A bishiya, gaɓar ƙarshe sai ta riƙe jeri maimakon alamar eh ko a'a. Idan mutum ya wahala ya buga ƙ da kansa, ka saka masa da fifita masu ƙugiya a sama.

Wani abu makamancin haka: duk waɗannan hanyoyi daga farkon rubutu suke kamawa. Mai neman Sabon Gari da ya buga "gari" ba zai ga komai ba, sai in ka saka sunan sau biyu, da mabuɗin "sabon gari" da na "gari".

Wa ya dace da wanne

Mai fom da ake zaɓar ƙaramar hukuma daga cikin 774 na Najeriya, ko sunan kaya daga ɗari biyar na shago, ba ya buƙatar ko binciken raba-biyu. Ya aika jerin duka zuwa wayar, ya tace shi a kowane harafi, ba wanda zai ga jinkiri.

Mai ƙamus ko manhajar karatu da ke aiki ba intanet, da kalmomi dubu goma zuwa ɗaruruwan dubbai da ba sa canzawa sai an sabunta manhajar, ya ɗauki jeri mai tsari, ko SQLite da ke cikin kowace wayar Android. Idan kalmomin sun kai miliyoyi kuma wuri ya yi ƙunci, marisa-trie ko FST.

Mai gina allon bugu na waya, ko editan kod, inda mai amfani ke koya wa manhaja sababbin kalmomi kullum kuma ake son yafe kuskure, nan ne gidan bishiya na gaskiya. Ya fara da mai rassa uku ko mai ƙaramin ƙamus a gaɓa, ya koma radix idan awo ya nuna memori na ciwo. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar ɗaukar aiki shi ma ya rubuta ta asali da hannunsa ko sau ɗaya, domin ana yawan tambayar ta.

Mai shafin kasuwanci da kayansa ke cikin PostgreSQL ya fara da fihirisa a kan wani ginshiƙi na mabuɗi marar ƙugiya. Ranar da masu saye suka fara buga suna a karkace suna tashi hannu wofi, ya ƙara pg_trgm, in hakan bai isa ba sannan ya fara lissafin kuɗin Elasticsearch.